Godiya ga gidajen da suka buɗe mana ƙofa a dararen waƙar Kirsimeti

A madadin ƙungiyar mawaƙan majami'armu da ke nan Sakkwato, wadda aka ɗora mini jagorancinta bana, nake miƙa wannan godiya. Dare 3 muka yi muna bi gida-gida da waƙoƙin haihuwar Almasihu, daga 20 zuwa 22 ga Disamba. Mu 24 ne, har da yara 7, da ganga ɗaya da tulu da caki. Mun taka Mabera da Tsohon Filin Jirgi da Gawon Nama, muka ƙare a Dambuwa. Gida 38 muka tsaya, kuma Ubangiji ya fitar da mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ko ƙwarzane babu.

Sai da dattawan ikilisiya suka zauna sau biyu kafin su amince. Tun shekarar korona, 2020, muka daina wannan fita, daga baya kuma zaman ɗar-ɗar ya sa kowa ya ga gara a yi waƙar a cikin majami'a. Da suka yarda, sun kafa mana sharaɗi: a sanar da masu unguwanni tun da wuri, kada a fara sai an idar da sallar isha'i, kuma kowa ya kasance a gidansa kafin ƙarfe 10. Na gode musu, domin sharaɗin nan ne ya sauƙaƙa mana komai. Masu unguwannin ma mun gode, babu wanda ya yi mana jeka-ka-dawo.

Godiyata ta farko ga wata gwauruwa ce, tsohuwa 'yar ƙasar Zuru, da ke zaune a Mabera. Babu wuta a daren, hunturu kuma ya sauko da ƙarfinsa, irin sanyin da ke fasa leɓe. Tun daga bakin lungu muka hango fitilar ƙwai a ƙofar gidanta. Ashe tun magariba ta ajiye ta don kada mu faɗa kwata. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma biyu saboda yara, ta tashi jikokinta daga barci ta lulluɓe su da zane ta zaunar da su. Muna waƙa tana tsaye, ta ƙi zama duk da ciwon gwiwa. Da muka kai ga labarin makiyayan da mala'ika ya iske da dare suna tsaron garkensu, kamar yadda yake a Luka sura 2, sai muka ji muryarta ta shigo cikin tamu, ba ta kuskure baiti ko ɗaya ba. Ta ce a littafin waƙoƙin mahaifinta ta koye su tun tana yarinya. Da za mu tafi ta ce, "'Ya'yana, ba ni da abin ba ku sai ruwan ɗumi." Muka sha. Mama, a duk gidajen nan babu inda aka karɓe mu kamar gidanki, kuma ina so ki ji haka a bainar jama'a.

Na daɗe a kan wannan tsohuwa ne domin akwai gidajen da suka ɗauka kuɗi muka zo karɓa. A gida biyu, ambulan aka zuro mana ta ƙarƙashin ƙyaure, talabijin na ta ƙara a ciki, ba wanda ya leƙo. Mun gode da baikon, Allah ya mayar da ninkinsa. Amma ba zan ɓoye ba, yaran sun ji zafin abin. Mako 5 suna zuwa koyon waƙa da yamma bayan makaranta, sai ga shi suna rera wa ƙarfen ƙofa. Ɗaya ta tambaye ni ko muryarsu ce ba daɗi. 'Yan'uwa, idan mawaƙa sun zo, abin da suke so shi ne a buɗe, a fito, a saurara. Waƙa biyu ko uku ce, ba ta kai minti 10. Baikon ba dole ba ne, kuma ba aljihun kowa yake shiga ba; gwauraye da marasa lafiya na ikilisiya ake kai wa. Wanda kuma ba shi da hali ko ba ya so a ranar, ya fito ya ce mana mu yi haƙuri. Wallahi hakan ba ya ɓata mana rai ko kaɗan.

Haka wani ɗan'uwa ya yi a Gawon Nama. Ya tare mu tun a bakin titi ya ce an yi musu rasuwa kwana 4 da suka wuce, kada a buga ganga. Muka ajiye kayan kiɗa a waje, muka shiga muka yi ta'aziyya, muka rera waƙa ɗaya a hankali, fasto ya yi addu'a. Na gode da ka faɗa mana kafin mu shigo da murna gidan makoki.

Sai maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda ban san da wane baki zan gode musu ba. A Tsohon Filin Jirgi akwai gidan haya da iyali ɗaya ne kawai namu, sauran duka Musulmi ne, mai gidan ma Alhaji ne. Muka tsaya a zaure muka yi sallama, muna shawarar mu yi waƙar can ƙasa-ƙasa mu wuce. Alhaji ya fito da kansa ya ce, "Mi kuke tsoro? Ku shigo ku yi abinku, ɗiyana. Namu ma in azumi ya kai kwana goma suna bin gidaje tashe, kuna ba su." Ya sa aka kashe janareto don a ji mu. Mazanmu suka tsaya a zaure, domin gida ne na matan aure, mu mata da yara muka shiga ciki. Hajiya ta kawo kunun gyaɗa mai zafi cikin babban fulas. Ba su yi waƙar tare da mu ba, mu ma ba mu nema ba, kowa ya san addininsa. Amma sun tsaya har muka gama, suka yi mana barka da Kirsimeti. A garin nan aka haife ni, garin Shehu da Bello, naman layyar maƙwabta na ci na girma, su ma shinkafar Kirsimetinmu ba ta taɓa wuce ƙofarsu ba. Abin da Alhaji ya yi ya tuna mini da Sakkwaton ƙuruciyata. Allah ya saka da alheri, Baba, ya raya zuri'a.

Ga iyaye mata da suka dafa abinci, mun gode ƙwarai, sai dai ina da roƙo. A dare na biyu gida 5 a jere aka zaunar da mu aka kawo shinkafa da nama. Ƙin ci rashin kunya ne, ci kuma ya cinye mana lokaci, har gida 4 da ke jiranmu ba mu kai gare su ba. Baɗi in Allah ya kai mu, ruwa ya wadatar, ko cincin a ƙulle a leda yara su tafi da shi. Ruwan ma kada ya zama na firji, yana dishe murya a wannan sanyi. Masu karnuka da suka ɗaure su tun kafin mu iso, kun kyauta. A gida ɗaya da aka manta, sai da yaranmu suka watse da gudu.

Ban manta da 'yan kabu-kabu 6 da suka kwashe yaranmu a daren ƙarshe ba, lokacin da motarmu ta mutu a hanyar Dambuwa. Sun kai kowane yaro har ƙofar gidansu, biyu daga cikinsu suka ƙi karɓar ko kwabo. Ban san sunayenku ba, amma Allah ya san ku. Matasan da suka riƙa tafiya gaba da baya da tocila, da iyayen da suka amince suka ba mu 'ya'yansu da dare, da mai gangarmu da hannunsa ya kumbura bai ajiye ba, duk ina godiya.

Gidaje 4 da ba mu samu zuwa ba, ku gafarce mu. Za mu zo muku ranar Lahadi bayan sujada, da rana, kafin shiga sabuwar shekara. Fulas ɗin Hajiya kuma yana wurina, da kaina zan kai mata shi gobe da safe.