Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwadon Iya

Makon jiya na yi alkawarin labarin rijiyarmu da ta rufta. Ku yi haƙuri, rijiya ta jira. Ummi ce ta zo daga Abuja ta fama mini wani tsohon miki.

Wai soron Malam take so ta gyara, wanda muke jibge buhunan shinkafa, don in sun zo hutu su riƙa sauka. Ta miƙo waya tana nuna mini gidajen gona na Turawan Amurka: labule fari fat ba ado, zanen tebur mai gida-gida, matasan kujera na buhu. Na matso da wayar na ce, Ummi, wannan ba algarara ba ce, buhun da muke ɗura gyaɗa? Ta ce, "Umma, ai shi ake yayi." Sai kuma ta ce ko ina da gwado irin na da, saƙar hannu, ta shimfiɗa a gado.

Ban tanka ba. Na tashi na shiga madafa.

An kai ni ɗaki a 1984, shekarar da soja suka canja kuɗi. Rani biyu Iya ta yi a kan gwadon aurena. Audugar gonar Baffa ce, ita ta gurje ta, ta shiɓe, ta zauna da mazari da alli tana kaɗa abawa har yatsunta suka yi kanta. Masaƙin unguwarmu ya saƙa, aka haɗa ƙwarya-ƙwarya aka ɗinke, da baƙin layi a baki biyu. Kullum in na kai hannu ga atamfa mai walƙiya sai ta ce, "Ido baƙo ne a wurin zane, hannu ne ɗan gari." A lokacin surutun tsofaffi na ɗauke shi.

Ranar jere an kafa gado mai rumfa, an jera kwalla da samira har kusa da azara, aka shimfiɗa gwadon a sama. Yaya Babba ta shigo da ƙawayenta, ta ɗaga gefensa da yatsa biyu ta ce, "Ashe amarya da jakinta ta zo?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Ina cikin lulluɓi, shekarata 16, na ji komai. Kafin azahar an naɗe shi an tura ƙarƙashin katifa, aka kawo zanen gado na kanti mai sheƙi. Wannan mai sheƙin ko yayen Sani bai kai ba ya zama tsumma.



Ranar Litinin dai na raka Ummi birni. A Kantin Kwari wani yaro ya sauko mana da yadi yana rantsuwa auduga ce zalla. Na ce, ɗan nan, ba ni ashana. Na zare zare ɗaya na ƙona. Auduga in ta ci wuta ƙaurin takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Wannan kuwa narkewa ya yi ya dunƙule kamar leda. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kin fi ƙarfina." Akoko muka saya na labule, na sa ta ƙara yadi biyu, don akoko yana tsukewa a wankin fari, kuma sai an wanke shi kafin a kai wa tela. Ita fari tas take so. Na ce ki bari hunturu ya shigo ki ga abin da ƙura za ta yi masa. Launin akoko da kansa ya fi rufa asiri a ɗakin ƙasa.

Ta kuma nace sai an rataya turkuɗi a bango. Mu mutanen ƙasar Kura za a gaya wa turkuɗi? Da ƙarar mabuga muka tashi, muna ganin Buzaye na zuwa saye. Shuni ake buga masa har ya yi wannan ƙyallin, shi ya sa yake zuba a jiki. Jingina shi da farar ƙasa kwana ɗaya ki ga bango. Na ce ta nemi rinin baba da aka ɗauraye sosai, irin na marinar Ƙofar Mata, ta jiƙa gefe ta goga a farin ƙyalle kafin ta biya. Kuma kada a kai shi tagar yamma, rana cinye shi za ta yi.

Gwado sai a Kurmi muka samu. Mai rumfar ya ce saƙar Minjibir ce. Saƙar ba laifi, amma ina damƙa na san zaren inji ne, sumul, babu ɗan ƙulli-ƙullin da mazari ke bari. Ummi ta ce ita ba ta ga bambanci ba. Ina za ki gani, ido baƙo ne. Sai da maganar ta fita na ji muryar Iya a bakina. Kuɗin da ta ƙirga ta bayar kuwa, ba zan faɗa ba, kada Malam ya karanta.

A mota take tambayata ina nawa gwadon ya shiga. To ga inda ya shiga. Wani sanyi mai tsanani, ina goyon Sani, Yaya Babba tana jego, ta aiko yarinya wai in ara mata "wannan bargon naki mai nauyi". Na jakin fa. Na ciro shi daga ƙarƙashin katifa na bayar. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, ko sau ɗaya ba ta ɗaga zancen ba, ni kuma kunya ta hana ni. Ranar da muka je gaisuwar mijinta na gan shi a gadonta, ya yi laushi, ko ƙwarya ɗaya ba ta ɓalle ba.

Allah ya jiƙanta, na yafe mata. Amma da aka raba kayanta adakar ta faɗa hannun babbar 'yarta, wadda ke aure a Bunkure. Na gaya wa Auta ya zuba mai a babur, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kai ni.