Na taka filin St Andrews da ƙafa ɗaya da rabi

Shekaranjiya da daddare na sauka Kano, har yanzu sanyin Sikotland bai gama fita daga gwiwata ba. Masu damuna da tambayar yadda tafiyar ta kasance a wasap ku yi haƙuri, ga labarin.

Ga wanda bai san ni ba, golf tun ina yaro ina ɗaukar wa manya jakar sanduna na koye ta. Bayan hatsarin mota da na yi aka sa min ƙarfe a ƙafar hagu, likita ya ce Alhaji ka manta da wasan nan, kuma ban ga laifinsa ba don mai bugu da hannun dama ƙafar hagu ce ke karɓar nauyin jikinsa duka a ƙarshen bugu. Gasa ta gagare ni, sai da na yi ritaya ina da shekara 60 na koma koya wa yara. To ɗana da ke karatu a Dundee shi ya nace sai na zo na ga St Andrews, garin da ake ce wa gidan golf.

Tun a filin jirgin da muka yada zango ƙarfen ya jawo min magana. Na'ura ta yi ƙara, wani jami'i sa'an ɗan cikina ya sa ni cire takalmi a tsaye, ga kujera a gefe bai ce in zauna ba, na miƙa masa takardar asibiti ko kallonta bai yi ba. A gida ko ɗan sandan da ya fi kowa tsiya zai ce Baba zauna tukuna.

Daga Dundee bas muka hau, muka haye gadar kogin Tay, kaman rabin awa sai ga mu. Ni da nake zaton zan tarar da katanga da geti da maigadi irin na kulob ɗinmu, wallahi babu, filin Old Course, wato tsohon filin golf ɗinsu, a bakin gari yake, har da hanya ta ratsa ramin farko da na 18 mutane na wucewa abinsu. Kuɗin bugu kuwa kar ku tambaya, sama da fam 300 a lokacin bazararsu, kuma ba biya kawai za ka yi ka shiga ba, ƙuri'ar sa'a ake yi kwana biyu kafin ranar, sannan sai ka nuna shaidar handikaf ɗinka, wato lambar da ke nuna matakin iya wasanka. 'Yar motar fili ma ba a ba kowa sai mai lalura da takardar likita, kuma kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, shi ne zai tuƙa ka. Na buga lissafin a naira na ce wa yaron nan kai tashi mu tafi, ya ce Baba bari mu dawo Lahadi.

Ashe ran Lahadi ba a wasa a filin, hutawa yake, kowa sai ya shiga ya zaga kyauta. Mata da yara, tsofaffi da karnukansu, a kan filin da aka yi babbar gasar golf ta Open karo na 150 a 2022! Na dogara sandata na hau 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan aka ɗauke ni hoto, na leƙa ramin yashin da ke gaban rami na 17, na ce wanda ya faɗa nan da irin ƙafata sai dai a jawo shi da igiya.

A nan na haɗu da wani dattijo, tsohon kadi ne, shi ma yana ɗingishi an canja masa ƙugu. Da ya ji abin da nake koyarwa sai ya tambayi irin filinmu, na ce masa da rani ƙasa ce ƙeƙasasshiya kaman siminti, inda rami yake ma ba ciyawa, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, ga iskar hunturu. Sai ya yi dariya ya ce ai wasanmu ɗaya, su ma iskar teku ba ta barin ƙwallo ta yi sama, a ƙasa suke gangara ta. Ya karɓi sandar dogarawata ya gwada min: ƙafafu kusa da juna, ƙwallo ta ɗan koma baya, ɗaga hannu rabi kawai, gwiwa ba ta murɗawa. Abin da ciwo ya tilasta min ke nan shekara da shekaru, har ina jin kunyar yara su kwaikwaye ni ina ce musu kar ku yi irin nawa. Ya ja mu wani shago ya saya mana shayi da soyayyen kifi da dankali, na zaro kuɗi ya ture hannuna. Kifin dai ba yaji ko ɗis, da na san haka da na taho da yajin ƙuli.

Da yamma muka yi ɗan bugu a filin gangara ƙwallo da suke ce wa Himalayas, ko fam 10 bai kai ba, na cinye yaron nan tas.

Edinbara kwana biyu, duk hawa da gangara, gwiwa ta kumbura na zauna a ɗaki. Tsaraba tsofaffin ƙwallaye na ciko wa yarana a safa, Asabar da safe za mu fara bugun ƙasa-ƙasa.