Bututun da ba a karantawa shi ke tsayar da gwaji

Duk mai gudanar da gwajin manhaja ta atomatik a cikin na'urar kwaikwayo, QEMU ce ko imuletan Android da aka gina a kanta, ya san wannan cuta. Gwaji ya tashi lafiya, yana tafiya, can sai ya tsaya cik. Ba saƙon kuskure, ba faɗuwa, shiru kawai har wa'adin aikin ya cika a kashe shi. Kuma abin haushin, gajeren gwaji yana wucewa, dogon ne ke maƙalewa. Ni dai yanzu idan na ga haka ba na fara zargin imuleta. Tambayata ta farko ita ce: wa ke karanta abin da take fitarwa?

Ga yadda abin yake. Idan babban shiri ya tayar da ƙaramin shiri, ya ce a haɗa masa fitarwarsa ta bututu, kamar yadda ake rubuta stdout=PIPE a Python, to tsarin kwamfuta yana keɓe ɗan wurin ajiya tsakaninsu. A Linux, tun daga sigar 2.6.11, girmansa bayit 65,536 ne, wato kilobayit 64. Kafin nan ma 4,096 ne kacal. Idan wurin ya cika kuma babu mai kwashewa, mai rubutu yana tsayawa a kan write() sai an rage. Shi kuma babban shirin yana zaune a kan wait() yana jiran ƙaramin ya gama. Wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan. Takardun bayanin Python da kansu sun yi gargaɗi a kan haɗa wait() da PIPE, amma wa ke karanta gargaɗi kafin abu ya same shi?

Imuleta kuwa sarkin surutu ce. Saƙonnin tashin tsarin da ke cikinta kaɗai, idan an maido su ta -serial stdio ko -nographic, suna da yawa, balle a ƙara logcat, wato rajistar saƙonnin Android, a kai. Kilobayit 64 ba komai ba ne a wajenta. Shi ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya: ranar da surutun bai kai ya cika bututun ba, komai lafiya, ranar da wani ya kunna ƙarin bayanan bin diddigi, sai aiki ya tsaya, a yi ta neman laifi a inda babu shi.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan kama mutane. Mutum ya buɗe bututu biyu, na stdout (fitarwar yau da kullum) da na stderr (saƙonnin kuskure), yana karanta na farko layi-layi har ya ƙare, da niyyar ya koma na biyu daga baya. Na biyun ya cika, ƙaramin shirin ya tsaya, na farkon kuma ba zai taɓa ƙarewa ba. Wanda ya rubuta shirin zai rantse yana karantawa, kuma gaskiya ya faɗa, rabi yake karantawa.

Tabbatarwa ba ta da wuya. A duba /proc/PID/wchan na shirin da ya daskare (PID ita ce lambar shirin), ko a manna masa strace -p. Idan an gan shi a tsaye kan rubutu zuwa lamba 1 ko 2, wato stdout ko stderr, magana ta ƙare.

To magani fa? Wanda aka fi ba mutane shi ne communicate(), domin yana kwashe bututun biyu lokaci guda, kuma tun Python 3.3 yana karɓar wa'adi. Ya dace da umarnin da ke gamawa nan da nan. Amma ga imuleta ban so shi ba: yana tara komai a ƙwaƙwalwa, kuma ba ya dawowa sai shirin ya mutu, alhali ita imuleta ana so ta ci gaba da rayuwa ne yayin da gwaji ke gudana a cikinta. Ƙara girman bututu ma, ta F_SETPIPE_SZ ko pipesize da ya zo a Python 3.10, jinkirta matsalar ne kawai. Iyakar da mai amfani na yau da kullum zai kai a Linux megabayit 1 ce sai an canza saiti, kuma ita ma za ta cika.

Abin da nake yi shi ne kauce wa bututun gaba ɗaya. Na buɗe fayil, na miƙa shi a matsayin stdout, na sa stderr=STDOUT su haɗu wuri guda. A QEMU ma akwai -serial file: da ke yin wannan kai tsaye. Fayil ba ya jiran mai karatu, kuma idan gwaji ya faɗi, shaidar tana nan a ajiye. Idan ina buƙatar ganin wani layi, misali alamar cewa tsarin ya gama tashi, sai in riƙa bibiyar fayil ɗin. Idan dole sai bututu, to kowane bututu da zarensa (thread) na daban da ba shi da aiki sai kwashewa, daga tashin imuleta har mutuwarta. Abin da ba a buƙata kuwa a tura shi DEVNULL, wato a zubar da shi.

Saura batun jikoki. Bututu ba ya nuna ƙarshe sai duk masu riƙe da bakin rubutunsa sun rufe. Idan ƙaramin shirin ya tayar da wani da ya gaji bututun, kamar sabar adb (manhajar da ke haɗa kwamfuta da Android) da ke zama a bayan fage, to ko an kashe ɗan, jikan na riƙe da shi, mai karatu kuma zai yi ta jira. A nan ina tayar da imuleta da start_new_session=True, in an gama in kashe rukunin gaba ɗaya da os.killpg, sannan sabar adb in tayar da ita tun da wuri, dabam, fitarwarta na zuwa fayil ɗinta.