Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana kan lamarin Inna

Assalamu alaikum. Sakamakon gwajin Inna ya iso daga Yawunde jiya bayan la'asar, ba sankara ba ce. Alhamdulillahi.

Ga waɗanda labarin ya iske rabi-rabi: a watan Oktoba, lokacin gangamin wayar da kai kan sankarar mama, ƙanwata ta matsa sai da Inna ta je aka ɗauki hoton mamografi, wato hoton cikin nono da na'urar asibiti ke ɗauka. Ba kumburi, ba ciwo, hannu bai taɓa jin komai ba. Sai ga ɗigo-ɗigo farare a nonon hagu, kamar an barbaɗa gishiri a kan baƙin zane. Likita ta ce kalsiyam ne, wato sinadarin da ake samu a ƙashi da madara, ya taru a naman, kuma kusan rabin matan da suka haura shekara 50 suna da shi. Manyan ɗigon da suka warwatsu ba a cika damuwa da su ba. Na Inna ƙanana ne, sun dunƙule wuri guda, irin waɗanda ake ciro ɗan nama da allura a bincika. Ta ce cikin mata 5 da ake yi wa wannan gwaji, kusan 4 lafiya lau ake samunsu. Ni dai ɗayar nan kunnena ya riƙe, huɗun ko a jikina.

Goggo, ke da kika sauke mu a unguwar Birketiri ta Yawunde kika bar mana ɗakinki kika koma kan tabarma, Allah Ya saka miki da Aljanna. Matan adashin unguwarmu a Garwa da suka ba Inna ɗauka alhali ba layinta ba ne, da kuɗin muka shiga mota zuwa Ngaundere muka kama jirgin ƙasa na dare. Baffa, mun ga sefar da ka cusa a ƙarƙashin matashi, kada ka musa. Malam liman da jama'ar masallaci, mun gode da addu'a. Likitar kuma, sau uku ta maimaita mana bayani ba ta ƙosa ba.

Hajiya maƙwabciya, ke ma mun gode, ko da yake kin sa Inna ta ƙaurace wa kindirmo wata guda. Na tambaya, an ce kalsiyam na abinci ba ruwansa da waɗannan ɗigon. Yau da safe ta shanye ƙwarya guda da fura, ta ce a gaya miki.