Motar da ke zahi a tsaye, ta huce a guje

Wata na bakwai ina aparanti a wani gareji nan Tahoua, cikin Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 har kile (ƙarfen kwance noti) ma ba ka iya ɗauka in ya kwanta a rana, wani Alhaji ya kawo tsohuwar Corolla wai tana zahi. Maigida ya tahi salla, ni kuma da rawar kai na buɗe kapo na ce Alhaji radiyater ɗinka ta mutu sai sabuwa. Ko taɓa ta ban yi ba wallahi.

Da maigida ya dawo bai ko kalli motar ba, ya ce Alhaji a ina take zahin? Alhaji ya ce abin mamaki shekaranjiya ya je Konni ya dawo allurar zahi ba ta motsa ba, amma da ya shigo cunkoson kasuwa sai ta haye ja. Maigida ya juyo ya ce kai yaro, ka ji? Na ce na ji. Ya ce ƙarya kake, da ka ji da ba ka ambaci radiyater ba.

Ranar na gane abin. Moter dai wuta ce ke ci cikinsa, ruwa ke zagaya jikinsa da kulas, wato kan moter, yana kwashe zahin, pompo ke tura shi, kuruwa, igiyar robar nan, ke juya pompon. Ruwan ya bi dirit, bututun roba, ya shiga radiyater, can ya rarrabu cikin ƙananan bututu, iska ta hura shi ya huce ya koma. To ita radiyater ba ta da wata dabara in ba iska, in mota na gudu hanya ke ba ta iskar kyauta, in ta tsaya sai wantilater, fankar da ke hura mata iska. Shi ma ba kullum yake juyi ba, akwai sond da ke jin zahin ruwa, in ya kusa digiri 100 ta sa rele, ɗan makunnin lantarki, ya ba shi wuta. Ke nan wadda ke zahi a tsaye kawai, fara da wantilater, fizibil (mai tsinkewa in wuta ta yi yawa), rele, sond. Wadda ke zahi a guje ko kan hawa ita ce za ka zargi radiyater ta toshe, ko ƙura da ciyawa sun cika haƙoranta, ko pompo ya gaji.

Ta Alhaji rele ne ya ƙone. Ɗan abu kamar kwalin ashana.

Na ce to maigida mu haɗa wantilater ɗin direk da batir mana mu cire kalorsta kamar yadda kowa ke yi, a huta. Nan fa ya hau ni da faɗa. Kalorsta ƙofa ce a hanyar ruwa zuwa radiyater, tana rufe har ruwa ya kai digiri 80 da wani abu sannan ta buɗe, don moter an yi shi ya yi aiki wajen 90. Ka cire ta, da sanyin Janairu moter ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha esans ya ci kansa a hankali. Gaskiya har yanzu ina gardama da abokaina kan wannan, su dai sun ce ƙasar zahi ce, ni kuma ba na cirewa sai in ta maƙale, in sa wata.

Ruwan rijiya kuma da mutane ke ɗurawa, shi ke barin tsatsa da farin gishiri a bututun, ruwan kala na galan da aka yi don radiyater ya fi, tsada ce ke korar mutane.

Bushon ɗin radiyater, wato murfinta, shi ne ya bar min tabo. Yana riƙe matsi kusan bar 1 don kada ruwa ya tafasa a 100, sai wajen 120. Bayan sati biyu da zancen Corolla na murɗe na wata taksi da zahinta, tsumma ma ban sa ba, ruwan ya yi tsalle ya wanke min hannun dama. Maigida ya kai ni likita a bayan moto yana zagina har muka isa.