Wejin da ya hana ni aiki a 2018

Ƙarshen watan nan zan aje makullin tirela insha Allahu, mun haɗa kuɗi da wani ɗan uwana mun sayi tifa, zan dawo Katsina in zauna kusa da iyali. To kafin in tafi akwai maganar da na daɗe ina son yi ma yaran mota masu shirin zuwa kamfani neman tuƙi, don satin da ya wuce ma yara biyu 'yan unguwarmu nan Ƙofar Marusa aka koro tun ba a gama horon sati biyun ba, kowa na ta cewa an zalunce su. Wataƙila an yi. Ni ma an taɓa koro ni, kuma har gobe in na tuna sai na ji abin ya tsaya mani a wuya.

Shekara shida nai ina yaron mota wurin maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama. DAF ce gare shi, mu yi lodin hatsi ko shanu mu ɗau hanya, Funtuwa, Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori har Legas. Shekara ukku na ƙarshe kusan duk tuƙin dare ni ke yi yana barci a baya, kuma ba yabon kai ba, a garejinmu babu yaron da ya kai ni iya ribas. Shi ya sa da aka ce wani kamfani na ɗaukar direbobi na tafi da ƙwarin gwiwa, a raina aikin ya riga ya zama nawa.

Mu goma sha huɗu ne. Rana ta ukku aka fito da mu fili, jami'in da ke gwajin ya miƙo mani makulli ya ce, "Malam, ga mota can, ka kai ta bakin get ka dawo da ita da ribas." Na ce to yallaɓai. Na haye na tada ta, iskan birki bai cika ba tana ta ƙara, na ba ta wuta don ya yi saurin hawa, ƙarar na ɗaukewa na saki birki na sa giya. Sai na ji kamar an riƙe motar ta baya, maimakon in tsaya sai na ƙara mata wuta, ta yi tsalle ta haye wani abu, bodin ya girgiza gaba ɗaya. Na hango shi ta madubi ya ɗaga hannu.

Ya ce sauko. Ya ja ni har tayar baya ta hagu, ga weji nan, katakon da ake cusawa gindin taya don kada mota ta gangara, na murƙushe shi ya tsage biyu. Ashe jami'in ne ya sa shi da gangan tun da safe. Ya dube ni ya ce, "Da yaro ne kwance nan yana hutawa fa?" Wallahi bakina mutuwa ya yi, saboda ni kaina ban san adadin kwanan da nai ƙarƙashin mota a kan kwali ba, a Mokwa, a Tegina, zafin rana ya koro ka ka shige inuwar bodi barci ya kwashe ka.

Na daɗe ina tambayar kaina mi ya same ni ran nan, don ba rashin sani ba ne. Shekara shida ni ke cire weji, ni ke zagaye mota da ƙarfe ina buga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ni ke zubar da ruwan tankin iska da asuba, in duba baƙin mai da ruwa, maigida yana zaune kan kujera har sai ya ji na buga bodi na ce mu je oga. Ranar da na hau kujerar nan a matsayin direba sai na ɗauki halin maigida gaba ɗaya, na zauna kamar akwai wani yaro a ƙasa da ya riga ya gama duk wannan, alhali babu kowa. Kuma ina ganin yawancin yaran mota nan suke faɗuwa, tuƙin sun iya shi sarai, amma a tasha an koya mana cewa babban direba ba ya duƙawa ƙarƙashin mota, aikin yaro ne, kamfani kuwa duƙawar suke tsaye suna jira su gani.

Laifina ne, na yarda. Amma abin da ban yarda da shi ba har yau shi ne yadda ya tara sauran a kaina ya ce ku kalli direban tasha, irinsu ne ke kashe mutane, ko ribas ɗin bai bari nai ba, ya ce in karɓi takarduna a ofis. Kuma a cikinmu akwai wani da mota ta mutu mashi sau biyu a fili ɗaya, aka ɗauke shi, daga baya muka ji da takardar wani babba ya zo. Wannan na bar shi da Allah. Na koma gida a kunyace, mahaifiyata ta riga ta faɗa ma 'yan uwa na samu aiki.

Sauran abubuwan da ke kada mutane sun fi sauƙin gyara in mutum ya so. Lasisin tirela ajin G ne, kada ka ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo maka kati har gida ba a ɗau hotonka da yatsunka a ofis ba, suna dubawa a kwamfutar hukumar kiyaye haɗurra su ga babu sunanka, shi ke nan. Gwajin fitsari yana nuna tiramol, kuma "don in iya tuƙin dare nake sha" ba uzuri ba ne wurinsu. Ka je a auna maka ido da hawan jini tun kafin su su auna. Kada ka ƙara shekarun tuƙi a fom, ana kiran garanto a waya. In an tambaye ka gudun tirela ka'ida kilomita 50 ne a babbar hanya, 60 a hanya mai tagwaye, kuma tun 2017 aka tilasta na'urar ƙayyade gudu, kada ka kuskura kai alfaharin ka san mai cire ta. Lamba huɗun nan da ke jikin taya kuma sati ne da shekarar da aka yi ta, ana tambaya.

Bayan wata bakwai na je wani kamfanin daban, aka ba ni makulli na sa shi aljihu na zagaye motar sau biyu har da durƙusawa, mai gwajin bai ce komai ba ya rubuta. Tun daga ran nan zuwa yau ko madubin wani ban taɓa fasawa ba, alhamdulillahi.

Yaran nan biyu sun zo gaishe ni ran Juma'a, na ce su same ni gareji da safe. Kafin su iso na cusa weji a tayar baya na ba kowa makulli bi da bi. Ɗayan ya gan shi. Ɗayan har ya kama ƙofa zai hau na ce tsaya ƙanena, sauko mu zagaya tare, Asabar mai zuwa ma zai dawo.