Yadda na yi wasan zamiya a dutsen Erciyes da kuɗin ɗalibi

Da zarar Disamba ta kama a Turkiyya, hirar abokan karatunmu ba ta wuce dutse da dusar ƙanƙara. Mu 'yan Arewa namu sauraro ne kawai, domin mun ɗauka wasan zamiya a kan ƙanƙara harkar masu hannu da shuni ce, irin waɗanda ke zuwa tsaunukan Suwizalan da Faransa. Ko a cikin ƙasar, dutsen Uludağ da ke kusa da birnin Bursa shi ne a bakin kowa, kuma kusancinsa da Istanbul ya sa otal-otal ɗinsa suka fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Wani abokina ɗan Kayseri ne ya ce mu zo garinsu mu gwada.

Erciyes tsohon dutse ne mai aman wuta wanda ya daɗe da yin shiru. Tsayinsa mita 3,917, kuma daga cikin birnin Kayseri kana hango kansa fari fat. Tsakanin birnin da filin wasan kimanin kilomita 25 ne, kuma duk arahar tafiyar a wannan tazarar take. Ba dole ne ka kwana a kan dutse ba. Mun kama ɗan ƙaramin masauki a cikin gari, da safe mu bi motar haya mu hau, da yamma mu sauko mu ci abinci a inda 'yan gari ke ci. Wanda ya kwana a otal ɗin sama ni'ima yake saya, amma ƙanƙarar da zai taka ita ce wadda na taka.

Mashigar filin huɗu ce: Tekir, Hisarcık, Hacılar da Develi. Ɗan koyo Tekir ya dace da shi, don gangarensa mai sauƙi ne, kuma nan shagunan haya suka fi yawa. Ban sayi allunan zamiya ko takalma ko sanduna ko hular kwano ba, haya na yi. Rigar sanyi da wando masu hana ruwa shiga ma aro na yi wajen abokina. Safar hannu da ta ƙafa kawai na saya, kuma a kan waɗannan ba na ba kowa shawarar tsumulmula. Safar hannu ta ulu da muke sawa a cikin gari ba ta da amfani a can: faɗuwa ɗaya za ta jiƙe, daga nan yatsu su ƙage.

Abin da ya fi cin kuɗina shi ne malami, kuma shi ne abin da ya fi yi mini amfani. Na ga samari da suka ce ba sa bukata, suka hau kujerun nan masu tafiya a jikin waya har sama, ƙarshenta suka sauko da ƙafa, alluna a kafaɗa. Shi malamin bai bar ni na kusanci gangare ba sai da ya koya mini tsayawa. A haɗa kawunan allunan a gaba, a buɗe ƙarshensu a baya, a ɗan durƙusa, nauyi ya koma gaba. Jiki kuwa ba ya yarda da haka. Da zarar gudu ya fara, zuciya sai ta ce ka koma baya, kuma komawa bayan ita ce ke kayar da mutum. Ya koya mini faɗuwa ma, wai a gefe ake zubewa, ba a tokare ƙasa da tafin hannu. Yaran Turkawa da ba su kai mini ƙugu ba suna ta wuce ni fuu, wani har ya tsaya ya ce mini "abi", wato yaya, ya miƙo mini sandata.

Launin alamar hanya shi ke faɗa maka matsayinka. Kore da shuɗi na masu koyo ne, ja na waɗanda suka iya, baƙi kuwa na gwanaye. Tunda ranar farko a ƙasan gangare za ka ƙare ta, ba ka bukatar tikitin hawa na yini guda.

Iskar wurin busasshiya ce kamar hunturun Kano, leɓe na tsagewa, don haka man leɓe ya zama dole. Hasken rana da ƙanƙara ke mayarwa yana kashe ido, sai da tabarau. Filin Tekir ya haura mita 2,000 daga saman teku, shi ya sa ɗan tattaki kaɗan sai ka ji kana haki. A sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa.

Ta ɓangaren ci da ibada hankalina kwance yake. Akwai wurin salla, sai dai ruwan alwala ne ke gwada imanin mutum. A kan dutse na ci burodi da gasasshen sucuk, tsiren cikin hanji mai yaji da tafarnuwa, na kora da shayi mai zafi. A gari kuwa mantı ne, 'yan ƙananan ƙulli na fulawa da nama a ciki, a zuba musu kindirmo, abincin da Kayseri ke alfahari da shi tare da pastırma, wato busasshen naman sa mai yaji.

Lokacin zuwa ma yana da nasa lissafin. Ƙarshen Janairu makarantun ƙasar ke hutu, layi ya yi tsawo, masauki ya yi tsada, haka Asabar da Lahadi. Wanda ya samu hali ya zo tsakiyar mako, ko ya jira Maris, lokacin da rana ta fara ɗumi alhali ƙanƙara na nan. Ya kuma bar rana guda ba wasa, don cinyoyi za su yi tsami har sauka daga matakala ta zama aiki. Mu a tamu ranar hutun, Kapadokiya muka je, yankin yawon buɗe ido mai duwatsu da kogunan dutse masu ban mamaki, tunda tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota daga Kayseri.